Akwatin Yaya Bukar daga Fallomi

Tun da na dawo daga Fallomi ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. A tasha a tambaye ni, a kasuwar shanu a tambaye ni, har a maƙabarta wani ya matso ya ce, "Audu Soja, yaya ƙasar Faransa?" Na gaji da maimaitawa. Ni ban yi boko ba, allo ma ban daɗe a kansa ba, saboda haka na zaunar da Haruna mai gyaran rediyo na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya ƙara gishiri. Wanda ya sake tambayata, a miƙa masa wannan.

Mutuwa ce ta kai ni. Yayana Bukar ya bar unguwarmu ta Yindiski a Potiskum tun ina yaro, da ƙafa, wai za shi Makka. Bai wuce Fallomi ba, babban birnin Cadi. A can ya zauna shekara da shekaru. Duk bafataken da ya dawo daga gabas sai ya ce ya ga Malam Bukar zaune cikin littattafai, mutane kewaye da shi. Innarmu ta ɗauki wannan magana ta yi mata gini. Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce "Malam na gabas." Gidan suna, gidan biki, bakin rijiya, babu inda ba ta kai labarinsa ba. Ni na je yaƙi na dawo kunne ɗaya ba ya ji, abin da ta ce kawai shi ne, "Da ka bi yayanka, da yanzu kana da kunne biyu ga karatu."

Sai wani mai fataucin kifi ya kawo saƙo: Malam ya rasu, an binne shi, ya bar littattafai. Inna ta yi kukanta ta share, ta aika aka kira Liman Modu. Sa'anta ne, lungu ɗaya suka tashi. A gaban mutane ta yi alkawari cewa littattafan Malam na masallacin unguwa ne, ranar da suka iso za a yi sadaka, Liman ya buɗe su da hannunsa kowa ya gani. Idonta ya kusa tafiya, ƙafarta ma haka. Wannan alkawarin shi ne taƙamar da ta rage mata. Ta juyo wajen da take jin tarina ta ce, "Kai, tunda ba ka da aiki, je ka ɗauko."

Na hau lori a tasha, ƙarshen damina, a kan buhunan wake. Daga Potiskum zuwa Yerwa babu labari, hanya ce da kowa ya sani. A Damaturu na sauka kama ruwa, na dawo na tarar wani rago da ke cikin motar ya cinye dakuwar da aka yi mini guzuri. Mai ragon ya ce in yi haƙuri, dabba ce. Na ce na sani, ai ita nake kallo. Bai sake yi mini magana ba har muka sauka, hakan ya yi mini daidai.

A Yerwa na sauka gidan ƙanen wani maƙwabcinmu na unguwar Dogo Nini. Barebarin Potiskum sun riga sun lalace, gaisuwarsu tana ƙarewa. Ta Yerwa ba ta ƙarewa. Na tsuguna mai gidan yana tambayar lafiyar mutanen da ban sani ba, har cinyata ta yi tsami. Amma burabuskonsu da man shanu ya biya ni. Mai gidan ya kai ni aka yi mini allura aka ba ni katin shaida, ya ce ba shi babu tsallake iyaka. Hannun ya kumbura kamar gora.

Bayan Dikwa sai ƙasar firgi, baƙar ƙasa mai danƙo. In ta bushe ta tsage, in ta jiƙe ta riƙe. A tafiya mun ci sa'a ta bushe.

A Gamboru ake tsallake gada a shiga Kamaru. Abin da na fara gani shi ne direbanmu ya bar hannun hagu ya koma dama. Na buga rufin motar na ce ko ya sha wani abu ne. Aka ce haka ake tuƙi a ƙasar Faransa, komai nasu a juye yake. Jandarma ya fito, ƙato da gemu amma cikin gajeren wando kamar ɗan firamare. Ya yi mini Faransanci. Na mayar masa da Ngizimanci, yarenmu. Ya ƙara, na ƙara. Ya dubi katin allura, ya dubi takardar sallamata ta soja a juye, ya buga hatimi. Muka rabu babu wanda ya ƙaru da wani.

Daga Kusuri, garin ƙarshe a Kamaru, kogi ne tsakaninka da Fallomi. A kwalekwale muka haye. Mai fito ya nuna mini kan dorina a ruwa, yana jira in ji tsoro. Na ce masa ya ja.

Fallomi gari ne mai barcin rana. Da azahar ta yi sai kowa ya rufe, ofis, kanti, har mai gyaran keke, su kwanta kamar an yi annoba. A Potiskum wanda ya yi haka sai a kai shi asibiti. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma da tauri, ana iya korar kare da shi. Mata suna hawa ƙaramin babur su wuce ka suna hura maka hayaƙi. Na ga Turawa biyu maza sun haɗu a titi suna sumbatar kumatun juna, ba wanda ya ko waiwaya. Shayi kuwa a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ja, sukari ya fi ruwa yawa. Ka sha goma ba ka ji ka sha komai ba. Abin da na so shi ne kisira, wata waina ce falle-falle mai tsami, da miyar busasshen kifi.

Unguwar Hausawa cike take da masu zuwa Makka da ba su je ba. Mai gidan da Yaya ya zauna, Baba Sale, mutumin Katsina ne, shi ma yana kan hanya tun kafin a haife ni. Ya ba ni ɗakin Yaya da tabarmarsa. Ya kai ni kabari na yi addu'a. A hanyar dawowa ya ce, "Ɗana, ka yi rashi, mu ma mun yi. Kullum bayan la'asar ƙofar gidan nan ba masaka tsinke. 'Yan dako, masunta, mata ta bayan zana. Yau ya sa mu kuka, gobe ya sa mu dariya har wani ya faɗo daga benci." Na ce a raina, lalle wa'azinsa mai daɗi ne. Ban tambaya ba. Tambaya ba halina ba ce.

Gadon kaya biyu ne, akwatin ƙarfe da buhu. Na ɗaga murfin akwatin na ga littattafai a jere, duk an yi musu riga da takardar buhun siminti. Na ɗaga bango ɗaya na ga Larabci. Na rufe na je na yi alwala. Kun san yadda muka tashi. Takarda mai Larabci, ko a kwata ka gan ta, ɗauka za ka yi ka soka a jikin zana, don kada a taka. Buhun kuwa boko ne zalla, irin takardar da ake ƙunshe ƙosai. Na ce wannan tarkace ne, amma gado ne, a tafi da shi.

Haka na kamo hanya. Akwati a ka, buhu a ja. A kwalekwale na ƙi ajiye akwatin inda ake sa ƙafa, na riƙe shi a kaina har muka haye, mai fito yana zagina da Larabcinsu wai zan kifar da jirgi. Duk inda alwalata ta karye sai na tsayar da kowa na sake. Buhun shi ne kujerata. Takardar naɗa tabata ta ƙare tun a Fallomi, sai na zura hannu na zaro wani ɗan littafi mai laushin takarda, ina yaga daga baya ina naɗawa. Tana ci da kyau.

A lorin da muka samu a Kusuri akwai wata mai fataucin banda, Ya Falmata, Babarbariya mai jiki da murya. Ta fara ɗora kwandon kifi a kan akwatin, na sauke. Motar ta yi tsalle, ta gyara zama, sai ga rabin mazaunanta a kan murfin.

Na ce, "Sauka."

Ta ce, "Kai soja, zinariya ce a ciki?"

Na ce, "Ilimi ne. A kan ilimi kike zaune."

Ta zabura tana salati, ta shafa murfin ta shafa a fuska. Daga nan ta koma mai gadi, duk wanda ya miƙe ƙafa wajen sai ta buge. Wani tsoho ya roƙa a bar shi ya jingina ciwon bayansa da akwatin ko a dace. Na bar shi.

A iyakarmu ɗan kwastan ya ce a buɗe. Mutumin kudu ne, da Hausar bariki. Na ce sai ya yi alwala. Ya ce shi bai san alwala ba, aiki ya sani. Ni tawa ta karye tun a gada, ruwa kuma da nisa. Aka tsaya cirko-cirko. Sai wani fasinja siriri, Usmanu tela, haihuwar Sudan, ya ce yana da alwala kuma yana jin Larabci, shi zai ɗaga ya faɗi abin da ke ciki. Kowa ya yarda.

Ya yi bisimilla ya ɗauki na sama. Ya karanta layi biyu. Ya buɗe tsakiya. Na ga kafaɗarsa tana rawa, na ɗauka tsoron Allah ne ya kama shi.

Ɗan kwastan ya ce, "Mene ne?"

Usmanu ya juyo da littafin. Hoto ne. Mace ba ɗankwali, gashi har kafaɗa, wani mai gashin baki ya riƙe hannunta yana kallonta kamar maye.

Ya ce, "Labarin soyayya ne daga Masar."

Ya ɗaga na biyu, shi ma. Na uku labarin ɓarayi da ɗan sanda. Na huɗu tarihi. Ya Falmata ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan na shafa a fuskata?" Sai ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. Tsohon mai ciwon baya ya tofar da yawu. Ɗan kwastan ya mayar da murfin da kansa a hankali ya ce, "Oga soja, wuce. Ba na son in karya maka alwala."

Usmanu ya tambayi sunan mai akwatin. Da na faɗa ya ce, "Malam Bukar na bakin kasuwa? Ai kowa ya san shi. Tsofaffin littattafai yake saye, ya sayar, ya ba da haya. Wanda bai iya karatu ba ya zo da la'asar ya karanta masa ya fassara. Ba malamin addini ba ne, ɗan'uwa. Malam dai ake ce masa."

An harbe ni a yaƙi ban ji abin da na ji ba a lokacin. Ba don dariyar ba. Inna na gani zaune a ƙofar zaure, unguwa a cike, Liman ya buɗe ya ci karo da mai gashin baki. Na yanke shawara: in mun isa Yerwa in zubar da su a kududdufi, in sayi littattafan addini a bakin masallaci in cika akwatin. Wa zai sani.

Allah bai nufa mu isa da wuri ba. Kafin Dikwa aka yi ruwan ƙarshe, firgi ta kama motar har gindi. Muka tura, muka haƙa, muka sa itace, ta ƙi. Aka ce sai ƙasa ta sha iska. Muka yi kwanaki a wurin, muna cin bandar Ya Falmata da gero da muka samo a wata ruga. Babu abin yi. A rana ta biyu ita ce ta ce, "Tela, tunda mun riga mun yi asarar alwala, karanta mana mai gashin bakin nan."

Muka zauna a inuwar motar. Labarin wani wanzami ne da ya kamu da son wata bazawara mai kanti, kullum ya je sayen sabulun da ba ya buƙata, har ɗakinsa ya cika da sabulu bai iya buɗe baki ba. Na zauna nesa na juya kunnen da ba ya ji. Da aka kai inda ɗan'uwanta ya zo aski ya kwantar da wuya a ƙarƙashin aska, sai na ga na juyo da mai ji. Tsohon da ya tofar da yawu shi ne a gaba, yana cewa, "Yanka shi! A'a, kada ka yanka!"

Da aka gaji da soyayya Usmanu ya ɗauko tarihi, na sarakunan Borno da yaƙe-yaƙensu. Ya Falmata ta baje tana cewa kakanninta ne. Can sai na ji sunan Ngizim ya fito daga bakin tela.

Na ce, "Tsaya. Mu?"

Ya ce, "Ku. An ce sarki ya kai muku yaƙi."

Ya Falmata ta ce, "Ya ci su!"

Usmanu ya buɗe gaba ya ce, "Ga shi kuma ya sake komawa."

Na ce, "Wanda aka ci ba a sake komawa kansa." Ni ban taɓa sanin muna cikin littafi ba. Na ɗauka littafi na Larabawa ne da Turawa, mu namu noma.

Direbanmu Isa ya taɓa firamare. Ya ce a kwance buhun shi ma ya gwada. Ya zaro na koyon Faransanci, muka yini muna gaisa da juna ta hanci. Ya zaro wani da Bature ya jera kalmomin yaruka iri-iri, Barbarci, Fulatanci, har namu. Isa ya karanto yadda muke cewa ruwa da wuta, a karkace, kamar mai ciwon haƙori. Na gyara masa. Wannan ne karo na farko da aka karanta abu a gabana na fi mai karatun sani.

Sai ya zaro ɗan littafin nan mai laushi. Hausa ce, labarin wani ɗan kasuwa da ya ɓata a daji. Ba fassara, ba jira, maganarmu ce tsaf a takarda. Kowa ya yi tsit. Mutumin ya faɗa rijiya, ga maciji a ƙasa, ga ɓarayi a sama, Isa ya juya shafi, sai bango.

Ya ce, "Ina sauran?"

Kowa ya dubi tabar da ke bakina. Na ce, "Na sha."

Da ba a san na yi soja ba da an dake ni a ranar. Har yau ban san ko ya fito ba.

Na ƙarshen da Isa ya ɗaga shi ne na saman buhun, wanda ya lotsa daidai da zamana. Hukuncin alwala da salla ne, da boko. Tun daga Fallomi ina ɗauke da wanzami a ka, ina zaune a kan wannan. Abin da ya kamata in ce, Ya Falmata ta faɗa a madadina, da ƙari.

Ranar da ƙasa ta fara bushewa Usmanu ya ce shi bai iya ba da labari ba, da mun ji Malam Bukar. Ya kwaikwayi yadda yake maƙale murya in ya zo maganar mace, yana karkata wuya. Nan na gan shi. Haka yake yi muna yara a gona, ya kwaikwayi Liman, ya kwaikwayi Inna, har mu kasa riƙe fartanya. A kabarinsa ban yi hawaye ba. A gindin lori na yi, na ce hayaƙin taba ne.

A Yerwa na je bakin masallaci wajen masu littattafan addini. Na tsaya, na duba, na juya. In na cika akwatin da nasu, wani mutum zan kai wa Inna, ba ɗanta ba.

Na iso Yindiski da hantsi, labari ya riga ni. Tukwane a kan wuta, an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Na wuce kowa na shiga ɗakin Inna da akwatin na rufe ƙofa.

Na ce, "Inna, Yaya ba malami ba ne. Labarai yake karanta wa mutane. Akwatin nan soyayya ce da tarihi da yaren Faransa. Na addini 'yan kaɗan ne."

Ta lalubo murfin ta dafa.

Ta ce, "Mutanen suna zuwa?"

"Ƙofar gida ba ta ɗaukarsu."

"Sun bi gawarsa?"

"An ce har kasuwa ta watse."

Ta ce, "Kama ni."

Na kai ta ƙofar zaure, na koma na ɗauko akwatin. Liman Modu yana zaune da babbar riga, jama'a ta yi shiru. Ta ce, "Jama'a, shekara da shekaru ina ce muku malami ne. Ni na faɗa, ba shi ba. Ashe mai ba da labari ne. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu ina ji, kada ya kai gida." Wata ta fara daga bayan zana, ta ji ita kaɗai ce, ta haɗiye. Inna ta ce, "Alkawari dai na yi. Modu, buɗe."

Ya buɗe. Allah ya sa na sama ya ɗauka. Ya ga hoton, ya rufe da sauri kamar ya taɓa garwashi, ya gyara rawani. Ya lalubo na tarihi ya fara karantawa yana fassarawa. Kafin a sauke tuwo Barebari da Ngizim sun kusa ba hammata iska a kan wa ya ci wa. Ba wanda ya tashi sai da aka kira magariba. Na addinin Liman ya kai masallaci, har da wanda ya lotsa. Sauran Inna ta ce a tura ƙarƙashin gadonta.

Bayan kwana biyu ta aika masa ya zo ya karanta mata abin da ɗanta yake karantawa, tunda shi kaɗai ke jin Larabci a unguwar. Ya ce bai dace da limami ba. Ta ce ta san shi tun yana yawo ba wando. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a bakin ƙofa ya juya wa titi baya, ya ɗauko wanzami. Yana karantawa yana istigfari. Da aka kai inda bazawarar ta rufe kanti ta juyo, sai ya yi tari, ya haɗa shafi biyu ya juya, ya ce, "To, sai gari ya waye."

Inna ta ɗaga kai. Ta ce, "Modu, idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Takarda biyu na ji. Koma baya."